Ra'ayinmu: A ba masu sake bak wa'adi kafin a ɗora masu sabon tsarin shimi

Kowace shekara, da zarar an bayyana sakamakon jarrabawar bak, gidajen rediyo kan cika da gaisuwar barka, magabata kuma su karanto yawan waɗanda suka ci a Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa da sauran jihohi. Waɗanda suka faɗi kuwa, ko da yake su ne mafiya yawa a galibin shekaru, daga ranar nan ba mai sake jin ɗuriyarsu. Ba su da ƙungiya, ba su da kakaki, kunya ma ba ta barinsu su ɗaga murya. A kansu ne jaridarmu za ta yi magana a wannan mako, musamman ƴan sashen C da na D, waɗanda darasin shimi, wato kimiyyar sinadarai, ya kayar, suka ɗaura ɗamarar sakewa, sai suka tarar an taɓa tsarin karatun da suka sani.

Mutanen nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai yaron da ya samu aka bar shi ya maimaita ajin tarminal. Shi nasa da sauƙi, tunda malami na gabansa. Akwai wanda lise ta sallama, uban ba shi da halin biyan makarantar kuɗi, ya koma tsaron kanti a kasuwa yana karatu da dare. Akwai yarinyar da aure ko haihuwa suka tsayar shekara biyu ko uku. Akwai kuma ƙaramin ma'aikacin gwamnati, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, da ya shiga aiki da takardar birbe, ya ga ba shi da hanyar ƙarin girma sai da bak. Duk waɗannan na baya, a matsayin kandida libir suke ajiye takardunsu, wato ɗan takara mai zaman kansa da ba ya ƙarƙashin wata makaranta. Abin da suka dogara da shi bai wuce tsofaffin littattafan rubutunsu ba, da tambayoyin shekarun baya da ake sayarwa a bakin hanya.

Ga mai karatu da bai bi ta wannan hanya ba, ya kamata mu bayyana yadda abin yake. Ba a cin bak darasi-darasi. Ana tara makin darussa duka, kowane da nauyinsa, a fitar da matsakaici. Mai 10 bisa 20 ya haye, wanda ya kusa a tura shi zagaye na biyu. Shimi tare take tafiya da fizik, kuma a sashen kimiyya nauyinsu babba ne. Saboda haka tambaya guda da ta fito daga babin da ɗan takara bai taɓa gani ba ta isa ta ja shi ƙasa, ta tafi da wahalar da ya sha a lissafi, da Faransanci, da falsafa. Baɗi kuma sai ya sake biyan kuɗin rajista, ya sake zama ma dukkansu.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin abin da muke nufi da wa'adi. A shekarar 2004, lokacin da babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma ya janye tsofaffin takardun sefa samfurin 1992, an sanar, an buɗe wuraren canji daga tsakiyar watan Satumba har ƙarshen Disamba, aka kuma ƙara lokaci a farkon 2005. An sha layi, an yi ƙorafi, amma mai jaka goma a ƙarƙashin katifa ya san ranar da za ta daina amfani. Mutanen Maraɗi da Birnin Ƙonni kuma ba su manta da farkon 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta sauya fasalin naira cikin gaggawa, ciniki ya tsaya cik a kan iyaka, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta tsawaita ran tsofaffin takardun. To, ilimin da yaro ya tara cikin shekara uku na lise shi ma ajiya ne. Hukumar da ta koyar da shi, ta ce masa wannan shi ne abin da za a tambaye ka, ba ta da ikon wayuwar gari ta ce ajiyar nan ba ta karɓuwa ba tare da ta buɗe masa wurin canji ba.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu cikin masu cewa a bar tsarin karatu yadda kakanni suka bar shi. Tun daga dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998, zuwa shirin shekara goma da aka soma a 2003, zuwa wanda ya biyo shi a 2014, ƙasar nan ta yi ta gyaran makarantunta, kuma dole ne ta ci gaba. Ita kanta shimi ba a tsaye take ba. Jadawalin da Mendeleyef ya tsara a 1869 sinadarai 63 ya ƙunsa. A 2016 aka raɗa ma huɗu na ƙarshe suna, adadin ya cika 118. Ma'aunin da ake kira mol, wanda ɗan lise ba ya yin lissafin shimi ko ɗaya sai da shi, tun 1971 ana bayyana shi da yawan atom ɗin da ke cikin giram 12 na karbon 12; daga 20 ga Mayu 2019 aka sauya bayanin, aka tsayar da lambar Abogadro a matsayin ƙayyadadden adadi. Sunaye ma sun sauya. Abin da iyaye suka sani da asid asetik, tsamin da ke cikin binegar, littattafan baya-bayan nan asid etanoyik suke kiransa. Wanda aka saba rubutawa propanol-2 ya koma propan-2-ol. Ƙarfin ruwan asid da a da ake faɗa da normalite, yanzu da mol a kowace lita ake faɗarsa. Ƙasar da ta ƙi bin waɗannan sauye-sauye, ɗalibanta ne za su ji kunya a jami'o'in waje.

Amma a dubi jerin nan da kyau. Cikinsu wanne ne ya rushe abin da ɗalibi ya koya? Babu. Sauyin bayanin mol bai canza amsar lissafi ko ɗaya na ajin tarminal ba. Sinadarai huɗun da aka ƙara, ba mai tambayar ɗan lise halayensu. Ka'idar da Labuwaziye ya kafa tun ƙarni na 18, cewa nauyin abubuwan da aka haɗa daidai yake da nauyin abin da ya fito, tana nan. Asid da baz suna nan, ma'aunin pH na nan, yadda mai da soda ke haɗuwa su zama sabulu bai sake ba. Mafi yawan abin da ke cikin tsohon littafin mai sakewa yana da amfani har gobe. Abin da ke kashe shi shi ne rashin sanin inda bambancin yake: wane babi aka cire, wane aka ƙara, wane aka ɗauke daga wannan aji zuwa wancan, wane suna aka sauya, da wace siga ake yin tambaya yanzu. Sai ka ga mutum ya ɓata wata guda yana haddar babin da aka soke, ya shiga ɗakin jarrabawa ya gamu da abin da ya sani sarai amma da sunan da bai sani ba, ya bar wurin fari fat. Wannan ba gwajin ilimi ba ne, tarko ne.

Sigar tambaya ita ce ta fi ba mu tsoro. Ko'ina a duniya sababbin tsare-tsare sun karkata ga tambayar da ke son ɗalibi ya bayyana gwaji: me za ka haɗa, da wane kayan aiki, me za ka gani. Abu ne mai kyau ga wanda ya taɓa riƙe kwalbar gwaji. To amma lise nawa ne a ƙasar nan ke da ɗakin gwaji mai ruwa, mai wuta, mai sinadaran da ba su lalace ba? Ɗalibanmu da yawa a allo suka ga awon asid da baz, suka haddace cewa ruwan gwajin nan rawaya ne cikin asid, shuɗi cikin baz, ba su taɓa ganin launin ya juya da idonsu ba. (Abin takaici, uwar da ke jefa ƴar kanwa cikin ruwan soɓorodo ta ga launinsa ya sake, ta riga ɗanta ganin wannan gwaji.) In haka ɗan aji yake, ina ga mai karatu shi kaɗai a bayan kanti da fitilar hannu?

Wasu ƙasashe sun gamu da wannan matsala, kuma ba su bar ta ga sa'a ba. A Ingila, da aka sake tsarin shimi na ƙarshen sakandare, aka soma koyar da sabon a 2015, jarrabawarsa ta farko ta zo a 2017, hukumar da ke sa ido kan jarrabawa ta wajabta a shirya ma masu tsohon tsari zama na ƙarshe a kan abin da suka karanta. A Faransa, wadda daga wurinta muka gaji bak ɗin kansa, wanda ya faɗi yana da ikon riƙe makin duk darasin da ya samu 10 ko fiye har zama biyar masu zuwa, ya maida hankalinsa ga inda ya gaza. Ko nan kusa, iyayen da ke tura ƴaƴansu Katsina ko Kano sun san cewa jami'o'in Najeriya na karɓar sakamakon zama biyu a haɗe a fannoni da yawa, ko da yake fannin likita ya fi tsanani. Ba mu ce a kwafo ko ɗaya daga cikinsu ido rufe ba. Abin lura shi ne, a duk wuraren nan an ɗauki mai sakewa a matsayin mutum mai hakki, ba saura ba.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce shirya takardar tambaya iri biyu kuɗi ne, ga ƙarin masu gyara, ga ƙarin ƙofar da tambayoyi za su iya sulalewa. Za a ce kuma riƙe maki na iya rage darajar takardar. Batun riƙe maki, mun yarda a zauna a yi nazarinsa da malamai da jami'o'i, ba abin gaggawa ba ne. Amma sauran fa? Nawa ne kuɗin buga shafi huɗu da ke jera abin da aka cire, da abin da aka ƙara, da sunayen da aka sauya, tare da samfurin tambaya guda da amsarta? Bai kai kuɗin man motocin taron bita guda ɗaya ba. Ita ma takarda iri biyu ba lalle ba ce: ya isa a ce shekara biyu na farko tambayoyin dole su fito daga abin da tsohon tsari da sabo suka yi tarayya a kai, sabon babi kuma ya zo cikin zaɓi.

Saboda haka abin da muke nema ga ma'aikatar ilimi da ofishin da ke shirya bak a fili yake. Sabon tsari ya soma daga ajin farko na lise ya hau tare da ɗalibansa, kada a sauke shi a kan ƴan tarminal a tsakiyar tafiya. A rubuta cikin doka shekarar da tambayoyinsa za su fara fitowa, a karanta ta a rediyo da harsunan ƙasa. Duk wanda ya zo ajiye takardunsa a matsayin kandida libir, a miƙa masa takardar bambancin nan tare da rasit ɗinsa, ba sai yana da ɗan'uwa a ma'aikata ba. A kuma buɗe masu ɗakin gwaji na lise guda a kowace jiha, ko da ranakun Asabar kaɗan ne kafin jarrabawa.

Su ma masu sakewa da iyayensu akwai nasu. Alhajin da ba ya sayen buhun gero sai ya soka hannu ciki, shi ne kuma zai biya kuɗin darasin dare wata tara bai taɓa tambayar malamin da tsarin wace shekara yake koyarwa ba. A tambaya. Malamin da ke karanto ma yara littafin da shi kansa ya rubuta yana ɗan lise, yana karɓar kuɗinsu a ƙarshen wata, ya san abin da yake yi. Ɗalibi kuma ya nemi wanda ke cikin aji bana, ya jera littafinsa da nasa babi-babi tun watan Oktoba, ya sa alama inda suka saɓa, ya fara daga nan.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan darasi guda? Ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, ake tace man fetur kusa da Damagaram tun 2011, ake yin siminti a Malbaza, ba ta da ɗan shimin da za ta yar. Mai auna tsabtar ruwan famfo, mai binciken jini a asibiti, mai tantance taki da maganin ƙwari da ke shigowa ta kan iyaka, duk ta ƙofar bak C ko D suke bi. Ga shi kuma kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk ranar da wannan ya isa azuzuwan kimiyya, ba suna ɗaya ko biyu ne za su sauya ba. Dokar wa'adin nan gara a rubuta ta tun yanzu, kafin a buɗe rajistar jarrabawa mai zuwa.