RA'AYINMU: Wannan Ba Tabar Wiwi Ba Ce

Akwai wani abu da samari ke zuƙa yanzu wanda iyaye da yawa suke ɗauka tabar wiwi ce. A Legas da sauran manyan birane ana kiransa Kolos ko Kolorado. Ba a gona yake tsirowa ba. Sinadari ne da ake haɗawa, a narkar, a fesa a kan busasshen ganye, a ƙulla a sayar. Mai fesawar kuwa ba ya awo. Ƙulli ɗaya ya sa yaro dariya, na biyu daga hannun dillali guda ya kayar da shi yana amai, yana jijjiga, zuciya tana bugawa kamar za ta fito. Wasu ƙodarsu ta lalace, wasu hankalinsu ya gushe, wasu ba su tashi ba.

A Saliyo, inda ake kiran irinsa kush, abin ya kai har Shugaba Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a watan Afrilu 2024.

Kada mu ce Saliyo da nisa. Hanyar da ta taso daga Legas ta bi Jebba da Kontagora, ta Yelwa take ratsawa. 'Ya'yanmu kuma su ne masu kwana a kwalekwale a tafkin Kainji, su ne a ramukan zinariya na wajen Ngaski da Birnin Yauri: aikin ƙarfi, kuɗi a hannu, nesa da idon uwa. In abin ya kayar da yaro a tsakiyar ruwa, wa zai tsamo shi?

Abin da ya fi damunmu shi ne halinmu mu masu bi. Yaro ya faɗi, sai a kulle shi a ɗaki don kada dattawan ikkilisiya su ji. Ko a ce aljanu ne, a kwana ana addu'a a kansa yana fama da numfashi. Addu'a wajibi ce, mu ma ita muke koyarwa, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a kai shi Babban Asibitin Yelwa, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. In hankalin bai dawo daidai ba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato.

Muna roƙon fastoci da dattawa, in irin wannan magana ta zo gabansu, kada su fara da sa yaro a horo. Uwar da ta san za a kira sunan ɗanta ranar Lahadi, ba za ta buɗe baki ba.