Ku bar yaro ya yi kukansa

"Namiji ba ya kuka." Babu maganar da ke ɓata mini rai a garin Yamai kamar wannan. Yaro ɗan shekara 5 ya faɗi ya gurje gwiwa, ko kakarsa ta rasu, yana buɗe baki sai uba ya daka masa tsawa: "Kai mace ne? Haɗiye shi!" In ya kasa, a ƙara masa da mari, wai don ya yi shiru. Mari kuma a ce maganin kuka? Uban da kansa in ɓarawo ya ɗauke masa babur, unguwa duka sai ta ji kururuwarsa. Uwaye ma sun ɗauka, har yayye suna yi wa ƙannensu dariya, suna kiransu ragwaye.

Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wa ya kai shi jarumta?

Muna cewa haƙuri muke koya musu. Ƙarya muke yi wa kanmu. Yaro mai haƙuri shi ne wanda ya yi fushi, ya san abin da ke damunsa, ya faɗa, ya huce, ya koma wasa. Koyon wannan ake yi, a wurin babban da ya natsu ya saurare shi. Wanda aka toshe wa baki kuwa, ciki ciwon yake komawa, ya fito ta fitsarin kwance, ko firgita cikin barci, ko dukan abokai.

A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas, yara kimanin 20 suka rasu. A 2020 ambaliyar kogin Kwara ta kori iyalai daga Lamorde da Saga. Yaran da suka ga wannan da idonsu, me muka ce musu? "Ai yaro ne, zai manta." Wallahi ba ya mantawa, shiru kawai yake yi.

Ga kuma sabon salo: yaro na soma kuka, a cusa masa waya a hannu, uwa ta ci gaba da hirarta a WhatsApp. Toshe baki ne shi ma.

Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Haka za mu rene su duka, sai wani ya girma kansa ya juye mu ce aljanu ne, mu gama zagaye gidajen bokaye, sannan mu kai shi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali a Babban Asibitin Yamai, a ɓoye, don kada maƙwabta su ji.