Satar Motocin Alfarma Marasa Makulli: Aikin Da Ke Gaban Mai Mota Da Mai Saye

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2024 ne Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta miƙa wa wakilan gwamnatin Kanada waɗansu motocin alfarma guda 21 a birnin Legas. Sato su aka yi daga ƙasar Kanada, aka tsallako teku da su domin a sayar a nan ƙasarmu. Kafin wannan kuma, a watan Satumba na shekarar, hukumar EFCC ta mayar wa 'yan sandan Kanada motoci 53 na sata waɗanda aka gano a cikin ƙasar nan. Mai karatu zai iya cewa ai wannan matsalar Turawa ce da attajiran Legas. To amma mu a ganinmu ta shafe mu ta fuska biyu: irin waɗannan motoci sun cika titunan Abuja da Kaduna da Jos da Kano, sa'an nan kuma kasuwanninmu na daga cikin wuraren da kayan satar ke ƙarewa.

Bari mu fara da bayanin yadda abin yake. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya fito da motar da ba sai an zura makulli ba kafin a buɗe ta ko a tayar da ita. Mai mota yana riƙe da ɗan rimot a aljihu, da zarar ya matso ya kama hannun ƙofa sai ta buɗe, ya shiga ya danna maɓalli inji ya tashi. Sirrin abin shi ne motar da rimot ɗin suna magana da juna ta iska. Motar takan aika da ɗan siririn saƙo wanda ba ya wuce taku biyu ko uku, idan rimot ya ji ya amsa, sai ta tabbata mai ita ne ya iso. Wannan tsari da aka fara da manyan motoci yanzu ya game har ƙananan motocin da ma'aikata ke hawa.

Ɓarayi kuwa ba su daɗe ba suka gano inda bangon ya tsage. Mutum biyu ne kan zo da dare, kowanne riƙe da na'ura. Ɗaya ya tsaya jikin motar, ɗaya kuma ya raɓa jikin ƙofa ko tagar gidan, inda ake kyautata zaton an ajiye makullin. Na'urorin nan biyu sai su ɗauki saƙon motar su kai wa makullin da ke cikin ɗaki, makullin ya amsa, motar ta ɗauka mai ita ne a tsaye kusa da ita. Ba a fasa gilashi, ƙararrawa ba ta kuka, mai gida yana ta barcinsa. Idan kuma inji ya riga ya tashi, ba ya mutuwa don an yi nesa da makulli, domin masu ƙera motoci ba sa so mota ta mutu wa direba a tsakiyar titi. A shekarar 2017 'yan sandan Ingila sun nuna hoton bidiyo na wata Marsandi da aka sace ta wannan hanya a garin Solihull, kusa da Birmingham, cikin abin da bai fi minti ɗaya ba. A shekarar 2019 kuma aka bayyana sakamakon gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Jamus, wato ADAC, ta yi wa motoci iri 237 marasa makulli, inda aka buɗe aka kuma tayar da 230 daga cikinsu da wannan dabara.

Ba nan abin ya tsaya ba. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa da bakanike ke jona kwamfuta domin gano abin da ke damun mota. Ɓarawon da ya samu shiga cikin motar yakan bi ta wannan kafa ya haɗa wa kansa sabon makulli. Haka nan a shekarar 2023 masana a Ingila sun tona asirin wata sabuwar hanya, bayan da aka sace wata Toyota RAV4 a Landan. Ɓarayin sun ɓalle gefen bamba ne suka kai ga wayoyin fitilar gaba, suka jona wata na'ura da ke yi wa kwamfutar motar ƙaryar cewa makulli yana nan. An sami irin waɗannan na'urori a ɓoye cikin ƙoƙon tsohuwar wayar Nokia ko 'yar lasifikar jin kiɗa, ta yadda ko an kama mutum da su ba kowa ne zai gane abin da yake ɗauke da shi ba.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da abin ya fi yi wa ɓarna a 'yan shekarun nan ita ce Kanada. A shekarar 2022 an sace motoci fiye da 105,000 a ƙasar, wato kusan mota ɗaya ke nan a kowane minti biyar. Kamfanonin inshora sun ce a shekarar 2023 diyyar satar motoci ta kai wajen dalar Kanada miliyan 1,500. Abin bai bar kowa ba, domin tsakanin 2021 da 2023 sau uku ana sace motar gwamnati ta ministan shari'a na ƙasar. Da tura ta kai bango, gwamnati ta kira babban taro a birnin Ottawa ran 8 ga watan Fabrairu, 2024, aka ƙara ma'aikata da kayan bincike a tashar jiragen ruwa ta Montreal, wadda ta nan ne akasarin motocin ke fita. A watan Afrilu na shekarar 'yan sanda suka ba da sanarwar ƙwato motoci 598 daga cikin kwantenoni a tashar. Satar ta ragu bayan waɗannan matakai, amma ba ta ƙare ba.

Mai karatu zai tambaya, me ya haɗa Kanada da Afirka ta Yamma? Amsar tana ga sitiyari. Motocin Kanada sitiyarinsu a hagu yake, daidai da tsarin da Nijeriya ta koma a 1972, Gana kuma a 1974. Saboda haka motar da aka sace a Toronto za ta hau titin Legas ko Akra ba tare da an sauya mata komai ba, alhali wadda aka sace a Ingila sai an nufi ƙasashe irin su Uganda da ita, inda ake tuƙi irin na Ingila. Bugu da ƙari, motocin da ɓarayin Kanada suka fi bi, irin su Lexus RX da Toyota Highlander da Honda CR-V da Range Rover, su ne dai waɗanda mutanenmu suka fi so, su ne kuma kayan gyaransu ke samuwa a kasuwa. A watan Maris na 2025 'yan sandan duniya, wato Interpol, sun gudanar da bincike a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, suka gano motocin sata kimanin 150, yawancinsu daga Kanada.

Gaskiya ne masu ƙera motoci sun farka daga baya. Kamfanin Ford ya fito da makullin da ke yin barci idan an ajiye shi na daƙiƙa 40 bai motsa ba. Kamfanin Jaguar Land Rover, wanda a 2023 masu motocinsa a Landan suka sha wahalar samun inshora saboda yawan sata, ya kashe fam miliyan 10 wajen gyara tsaron motocin da ya riga ya sayar, sabbin motocinsa kuwa suna auna ainihin nisan da ke tsakaninsu da makulli kafin su buɗe. To amma ina amfanin wannan ga mutumin da ya sayi 'yar Kwatano mai shekara takwas ko goma? Motocin da ke shigo mana yawancinsu an ƙera su ne kafin waɗannan gyare-gyare, kuma babu kamfanin da zai aiko wa mai mota a Kafanchan ko Yola takardar cewa ya kawo motarsa a gyara. Wato raunin yana biyo motar duk inda aka kai ta, maganin kuwa yana tsayawa can inda aka ƙera ta. Don haka nauyin tsaro ya koma kan mai mota.

Abin farin ciki shi ne yawancin matakan ba su da tsada. Na farko, a daina rataye makulli a bakin ƙofa ko kusa da taga. A sa shi cikin jakar nan ta musamman da ke toshe saƙo, in babu kuwa gwangwani mai murfi da ke rufuwa sosai yana iya yin aikin. Amma kada a yarda da jaka ko gwangwani sai an gwada: a sa makullin a ciki, a je jikin mota a kama hannun ƙofa, in ta buɗe to wannan mazubi ba shi da amfani. A riƙa maimaita gwajin lokaci-lokaci domin jakar takan lalace, kada kuma a manta da makulli na biyu da ke cikin akwatin uwargida. Waɗansu motocin ma ana iya kashe musu wannan tsari baki ɗaya, sai a duba littafin motar.

Na biyu, a koma ga ƙarfe. Sandar kulle sitiyari da iyayenmu suka yi amfani da ita a zamanin Fijo 504 ta dawo da darajarta, domin na'urar ɓarawo ba ta buɗe kwaɗo. Ɓarawon zamani da minti ɗaya ya dogara, duk abin da zai sa ya yi minti goma yana yanke-yanke da ƙara zai sa ya nemi wata motar. Haka nan akwai murfin ƙarfe da ake kulle kafar kwamfutar nan da shi, akwai kuma ɓoyayyen maɓalli da mai gyaran wayarin zai sa, wanda sai an taɓa shi inji zai tashi. Na uku, a sa na'urar bin sawun mota, in da hali guda biyu a wurare dabam, domin ɓarayi sukan nemo ta farko su cire su saki jiki.

Na huɗu shi ne hali, wanda ba a saye da kuɗi. Idan mun ajiye mota a harabar majami'a, ko wurin biki, ko kasuwa, kada mu danna rimot mu juya baya kawai. Akwai na'urar da ke toshe saƙon kullewa, mai mota ya tafi yana zaton ya kulle alhali ƙofa a buɗe take. Mu ja hannun ƙofar da kanmu, makulli yana ɗan nesa a hannun wani ko cikin jakarsa, mu tabbata. Mu kuma san wanda muke bar wa makulli a wurin wankin mota da garejin da ba mu saba da shi ba. Wanda ya sayi tsohuwar mota ya sa ƙwararre ya goge duk makullan da ke cikin kwamfutarta in ban da waɗanda ke hannunsa, domin bai san ko guda nawa ke yawo ba.

Akwai kuma gargaɗin da ya zama dole. A Kanada da Ingila an lura cewa idan na'ura ta gaza, waɗansu ɓarayin kan fasa gida ko su tare mutum a hanya su nemi makulli da ƙarfi. Abin ya kai ga wani ɗan sanda a Toronto a farkon 2024 ya shawarci jama'a su riƙa barin makulli kusa da ƙofa don kada 'yan fashi su shigo har ɗaki, maganar da ta jawo surutu ƙwarai. Ba mu goyi bayan shawararsa ba, amma mun fahimci abin da ya tsorata shi. Idan aka nuna maka bindiga, miƙa makulli. Mota ana sake sayenta, rai kuwa ba a saye a kasuwa.

Saura magana a kan mai saye, kuma a nan ne muke ganin tushen matsalar yake. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba wanda zai ɗauki kasadar satar mota a Toronto ya biya kuɗin jirgin ruwa in ba ya tabbata akwai mai jiranta da kuɗi a hannu. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN. Tana nan a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Kafin a biya ko kwabo, a duba cewa lambobin nan sun dace da juna kuma sun dace da takardu, a bincika tarihin motar ta intanet, a kai takardun fito ofishin kwastan a tantance, a kuma nemi 'yan sanda su duba ko an ba da cigiyarta. Motar bara da ake sayarwa rabin kuɗinta, da makulli guda ɗaya, dillali kuma yana ta gaggawa, ai ta riga ta faɗi abin da take ciki. Araha ba ta ado. Ranar da hukuma ta gano ta, za a ɗauke motar, kuɗin kuma sun tafi, sa'an nan dokar Final Kot da ake aiki da ita a jihohin Arewa ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kayan da yake da dalilin sanin na sata ne. Ko da babu doka ma, mun sani sarai cewa bayan kowace irin wannan mota akwai wani iyali da ya wayi gari ya tarar da ƙofar gidansa wayam.

Daga ƙarshe muna kira ga Hukumar Kwastan da rundunar 'yan sanda su sauƙaƙa wa talaka hanyar tantance mota kafin ya saya, ta yadda ba sai ya san wani ko ya ba da na goro ba. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin dillalan motoci su tsabtace sana'arsu da kansu, domin ɓata-gari kaɗan ne ke shafa wa masu gaskiya kashin kaji, suna kuma zubar da mutuncin ƙasar nan a idon duniya. Mu kuwa masu motoci da masu niyyar saye, mu tuna rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.