Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mabiya Katolika Na Bodinga Da Shagari



Ana yi muku gori cewa Ikkilisiyar da ta taɓa sa hannu a cinikin bayi ba ta da bakin koyar da kowa. Kada ku musanta tarihin. A 1452 Fafaroma Nikolas na Biyar ya ba sarkin Fotugal izinin bautar da waɗanda ba Kirista ba, Afirka kuma ta ɗanɗana kuɗarta. Amma da wane ma'auni muka gane zalunci ne? Da koyarwar da Ikkilisiya ta adana, cewa Allah ya halicci kowane mutum cikin siffarsa. Da ita Fafaroma Giregori na Sha Shida ya la'anci cinikin bayi a 1839, da ita Fafaroma John Paul na Biyu ya nemi gafara a tsibirin Gore na Senegal a 1992.

Wani zai ce, wanda ya kauce jiya me zai hana shi yau? Ikkilisiya ba ta taɓa cewa shugabanninta ba sa zunubi ba. Abin da aka tsare daga kuskure shi ne ainihin koyarwar bangaskiya da ɗabi'a, ba kowace takardar mulki ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan bambanci: Shehu Usmanu, wanda ya zauna Sifawa a ƙasar Bodinga, ya soki miyagun malamai, bai kuwa jefar da ilimi ba.

Don haka ku riƙe koyarwar, ku saurari Bishop Matthew Kukah da firistocinku, ku kuma faɗa musu gaskiya idan sun saɓa mata.

Ɗan'uwanku a bangaskiya.