Kada zoben roba ya kashe motar jama'a

Duk wanda ya saba zagaya ma'aikatun gundumominmu ya san wannan abin takaici: mota a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda muke kira kat-kat, ɗore bisa duwatsu a bayan ofis, an cire ƙafafunta na gaba, kaji suna kwana ƙarƙashinta. In aka tambaya, amsa guda ce: pon na gaba ya lalace, ana jiran kaya daga Yamai. Injinta lafiya lau, jikinta bai tsufa ba, amma ta yi damina biyu ko uku ba ta motsa ba. Ra'ayinmu shi ne, da yawa daga cikin waɗannan motoci rashin kula ne ya kwantar da su, kuma gyaran da zai tsirar da su bai fi ƙarfin gunduma ba.

Mu dubi gundumar Gidan Rumji, cikin jahar Maraɗi. Hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa ta, ta bi ta babban garin, wajen kilomita hamsin daga Maraɗi. Amma talakawan ƙananan hukumominta biyar, wato Gidan Rumji da Tsibiri da Cadakwari da Gidan Sori da Saye Sabuwa, ba duka ke zaune a bakin kwalta ba. Da rani, hanyar ƙauye rairayi ce mai cinye ƙafar mota. Da damina, Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, fadama ta zama laka. Haka yake a Agye da Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, inda Gulbin Kaba ke da nasa kwari. A irin wannan ƙasa, motar da ƙafafunta na gaba ba su ja, ba ta wuce bakin gari.

Abin da ke cikin motar kuwa ba ƙarami ba ne. A 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. To, mai naƙuda da haihuwa ta gardame mata a ƙauyen da ke bayan gulbi, me wannan rangwame zai amfana mata in babu motar da za ta kai ta asibitin gunduma? A 2019 dubban mutane sun tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa. Abinci da allurar rigakafi da aka kai musu, a bayan irin wannan mota suka tafi. Malamin gona, malamin dabbobi da mai duba makarantu, duk ita suke hawa.

Bari mu bayyana abin da ake kira pon, don kada zancen ya zama na makanikai kaɗai. A motar Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, kuma har yau ana ƙera ta, pon na gaba dogon bututun ƙarfe ne da ya haɗa ƙafafun gaba biyu. Yana da kumburi kamar tulu, inda haƙoran ƙarfe ke juyawa cikin mai mai kauri, suna raba ƙarfin inji zuwa hagu da dama. Daga nan sanduna biyu suke fita zuwa ƙafafu. A ƙarshen kowace sanda akwai gaɓa da ake kira kardan, mai ƙwallayen ƙarfe shida, wadda ke barin ƙafa ta karkata alhali tana ja. Wannan gaɓa tana zaune cikin ƙoƙon ƙarfe cike da giris. Tsakanin man tulu da giris ɗin ƙoƙo akwai zoben roba, wanda makanikai ke kira parawil. Aikinsa ɗaya ne tak: ya hana mai ya gamu da giris.

Daga wannan zobe ɓarna kan fara. A saman pon akwai ɗan hanci da iska ke fita ta cikinsa. In laka ta toshe shi, ƙarfe ya yi zafi, iskar ciki ta rasa mafita, sai ta tura mai ta bakin zoben. In kuma aka afka cikin ruwan gulbi da pon mai zafi, iskar ciki ta sanyaya ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa, mai ya koma fari kamar koko. Man da ya ƙetare zobe yana tsinka giris, giris ya tsiyayo waje, rairayi ya manne masa, su haɗu su zama abin wasa ƙarfe. Sannu a hankali rulma ta yi sako-sako, ƙafa ta fara rawa, taya ta cinye gefe guda, mai ya kai ga birki. Daga ƙarshe tulu ya bushe, haƙora su kakkarye. Gyaran da zai ci ƴan jikkuna ya koma na ɗaruruwan jikkuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mota ba ta ɓoye ciwonta. In an ga baƙin maiƙo yana ɗiga ta cikin ƙafar gaba, zobe ya mutu. In an ji ƙas-ƙas lokacin da aka karya kwana da ƙafa huɗu a saƙale, kardan ya ci. In sitiyari yana kakkarwa a hannu, a ɗaga motar, a kama ƙafa sama da ƙasa a girgiza. In ta motsa, rulma na neman gyara. A Hilux na zamanin yanzu, da kowace ƙafar gaba ke da nata rataye, abin dubawa shi ne rigar robar da ke rufe kardan, gama ƙaya ko kututture na iya yage ta, rairayi ya shiga. Wannan dubawa ba ta bukatar takardar shaidar babbar makaranta. Direban da ya san aikinsa zai yi ta da safe kafin ya tashi inji.

Gyaran kansa aikin yini guda ne ga makaniken da ya ƙware, in kaya na hannu. Za a kwance, a wanke kome tas, a canja zobe da rulmar da ta ci, a mai da siraran faifan ƙarfe da ke daidaita ƙoƙo kowane a gurbinsa, a cika ƙoƙo da baƙin giris ɗinsa, rulmar ƙafa kuma da nata. Babban noti mai faɗin milimita 54 da ke riƙe rulma yana da makullinsa da ma'aunin ɗaurinsa. Wanda ya buge shi da kurfi da guduma, ko ya ɗaure shi fiye da kima, ya shirya wa motar wata jinyar. A kuma yi aikin a inuwa bisa tabarma ko kwali, don ƙwayar rairayi guda cikin rulma ta isa ta ɓata wahalar yini.

Direbobi ma suna da nasu alhaki. Wannan mota ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. Saboda haka wanda ya fito daga rairayi ya hau kwalta bai mai da sandar giya daga H4 zuwa H2 ba, yana murɗe ƙarafan motar da hannunsa. Haka wanda ya sa tayoyi masu bambancin girma, ko ya lafta buhun gero fiye da abin da aka ƙayyade. Akwai kuma wanda zai bar makullan ƙafafun gaba a kan FREE rani duka, alhali littafin motar ya ce a mai da su LOCK a yi tafiyar kilomita 16 kowane wata, don mai ya zagaya.

Wasu za su ce, ai kayan gyara ne ba su samuwa, kuma suna da tsada. Wannan gaskiya ce. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, duk abin da ke zuwa daga ƙetare ya yi tashin da bai sauko ba. Kaya masu yawa daga kasuwannin Kano suke shigowa, ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma mun ga yadda hanya ta toshe sa'ad da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO na 2023. Amma wannan hujja goyon bayanmu take yi. Tun da babban kaya yana da wuyar samu, wajibi ne a tsare shi da ƙaramin kaya. Zobe da rulma da gwangwanin giris ba su cika akwati ba, kuma ba su lalacewa don an ajiye su wata shida.

Wasu kuma za su ce, abokan hulɗa za su kawo sabuwa. Mai wannan tunani ya manta cewa mai ba da mota ba ya ba da ita kowace shekara, kuma ranar da aikinsa ya ƙare, da ya miƙa makulli ya tafi ke nan. Ƙasar da ke son tsayawa da ƙafafunta ba ta gina aikin lafiyarta bisa jiran kyauta. Masu cewa makanikan gunduma ba su iya ba, sai an kai Maraɗi, muna tambayarsu: wa ke riƙe da motocin ƴan kasuwa da ke cin kasuwannin ƙauye kowane mako da kaya niƙi-niƙi? Hannu yana nan. Abin da ya rage shi ne kayan aiki na ƙwarai, da horo, da biyan haƙƙi a kan lokaci.

Don haka muna ba da shawara huɗu. Ta farko, duk ma'aikatar da aka danƙa wa mota ta ware kuɗin kula da ita daban da kuɗin gazwal, kada a taɓa shi don wata hidima. A wasu gundumomin ƙasarmu an gwada ƙara dala ashirin bisa kuɗin ganin likita domin jigilar marasa lafiya. Inda ake da irin wannan asusu, a yanke wa gyara kasonsa tun farko. Ta biyu, kowace mota ta samu littafinta, da Faransanci da Hausa, inda direba zai rubuta kilomita da ranar da aka canja mai da duk ƙarar da ya ji, shugaban ma'aikata ya sa hannu kowane wata. Ga aiki ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci. Ta uku, a buɗe pon a duba shi sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da kuma bayan kaka. Ta huɗu, cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke ƙananan hukumomi su gayyaci tsofaffin makanikai su koya wa samari wannan aiki, gunduma kuma ta sayi makullan da ake bukata sau ɗaya, kowa ya amfana.

Akwai masu ɗaukar dukiyar gwamnati tamkar marar mai ita. Lalle tana da mai ita: manomin Cadakwari da ya biya haraji, da matar Gidan Sori da wata rana za a nema wa mota da tsakar dare. Muna kira ga kantomomi da hukumomin ƙananan hukumomi da shugabannin ma'aikatu, kowa ya leƙa bayan ofishinsa ya ƙirga motocin da ke bisa duwatsu, ya sa a rubuta abin da kowace ke bukata. Wadda za ta tashi, a tashe ta tun kafin Gulbin Maraɗi ya kawo.