Ribar Ranar Masifa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure ya ji tsofaffi suna lissafin shekaru da sunayen yunwa. Akwai Kakalaba ta 1914, akwai 'Yar Buhu ta 1927, sa'an nan farin 1973, lokacin da Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa duk suna cikin Jihar Kano. A kowace daga cikinsu gero ya yi ƙaranci, wannan gaskiya ne. Amma in ka zauna da dattijan, sai ka tarar abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne rumbun da aka ƙi buɗewa alhali maƙwabci na dafa tafasa babu gari.

Mu namu zamanin na ambaliya ne. Ruwan 2022 ya ci gonaki da gidaje da gadoji a Jihar Jigawa, ya sake dawowa a 2024, a kan mutanen da janye tallafin man fetur na 2023 da rufe iyakar Nijar a shekarar nan suka riga suka jigata. Ɓaɓura kuwa a bakin iyakar take.

To, kada mu yi gaggawar tsine wa kowane ɗan kasuwa. In hanya ta yanke, mai mota ya zagaya, kuɗin mai ya ƙaru, dole tiyar gero ta tashi. Har ma tashin nan yana da amfaninsa, domin shi ne ke jawo ɗan kwarami ya kwaso hatsi daga inda aka samu albarka ya kai inda aka rasa. Mutumin da ya ratsa taɓo ya kawo buhu goma bai zalunci kowa ba in ya ɗora wahalarsa a kai. An taɓa gwada ƙayyade farashi da ƙarfin hukuma, da dokar 1977, da bulalar soja a 1984. Abin da ya biyo baya shi ne dogayen layuka, kaya suka ɓace daga kan tebur suka koma bayan kanti da tsada fiye da da.

Wanda muke magana a kansa daban ne. Shi bai kawo kome ba. Hatsin yana cikin sitonsa tun kaka, ya saye shi da arha daga manomin da bashi ya kama, kuma ruwan da ya rushe ƙauye bai ƙara masa ko kwabo a kan kuɗin da ya kashe ba. Ya ji labarin ambaliya sai ya ƙara kwaɗo a ƙofa, yana jira yunwa ta nuna. Ciniki yana halatta ne da yardar mai saye da mai sayarwa. Wace irin yarda ce ga uwar da 'ya'yanta suka kwana a ajin makarantar firamare babu abinci? Ba za ta iya cewa albarka ta tafi ba. Ɗan'uwansa kuma shi ne mai ba da falle, dami ɗaya a marka a biya biyu da kaka, har gona ta fita daga hannun mai ita. Malamanmu sun daɗe da rarrabe waɗannan biyu: ajiye hatsi lokacin wadata halal ne, ɓoye shi lokacin da jama'a ke matse kuwa ihtikari ne, kuma mai mulki yana da ikon tilasta a fito da shi.

A watan Fabrairu na 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Aka yi ta tafi. Mu dai muna ganin tafin ya zo mana da sauƙi ne don yatsa yana nuna wani.

Gama mu ma muna ciki. Ma'aikaci nawa ne a cikinmu ke sayen buhuna da kaka da albashinsa, ya jibge a shago, ya ce yana juya kuɗi? Babu laifi, sai ranar da ruwa ya ci amfanin garinsu. Ran nan ne za a gane ko ajiya yake yi ko farauta. Kuma kayan agaji in sun iso sakatariya, ɗan kwarami ba ya rubuta sunayen waɗanda za a ba. Ƙaramin ma'aikaci ne mai biro, watau mu, ko mu ɗin gobe.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ƙananan hukumomin huɗu su riƙa sayen hatsi da kaka su ajiye, su fitar da shi kasuwa a kan kuɗin saye da zarar an yi masifa, domin mai ɓoyo ba ya tsoron wa'azi kamar yadda yake tsoron faɗuwar farashi. Jerin sunayen masu karɓar agaji kuma a liƙa shi a ƙofar dagaci, a karanta shi da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi boko ba. Ƙungiyarmu tana da ɗalibai daga kowace gunduma ta masarautar, kuma hutun damina dogo ne. Su za su iya karantawa.