Biyan kuɗin magani ba izinin duba fayil ba ne

Mai karatu, a asibitin da ya koma kwamfuta, abin da likita ya rubuta yakan iso gabanmu a ɗakin magani nan take. Da shi muke gane magungunan da bai kamata a haɗa maka ba. Amma muddin kai baligi ne mai hankali, Dokar Lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana a bayyana cutarka sai da rubutaccen izininka, ko bisa umarnin kotu ko doka, ko in akwai barazana ga lafiyar jama'a. Miji ko suruka ba su da wannan hurumi, ko da su suka biya. A ganina daidai ne, domin macen da ke tsoron tonon asiri daina zuwa karɓar magani take yi. In kana son ɗanka ya riƙa karɓo maka sakamako, rubuta sunansa tun kana da ƙarfi.